Ƙafar Wa Ke Kan Feda?

Titin ne yake gudu.

Abin da Auta ta gani ke nan ta gilashin gaba. Farin layin da ke tsakiyar titin saukar jirage yana sulalewa hagu, ita kuma da ɗan ƙaramin jirginta suna yin dama, wajen ciyawa da fitilun bakin hanya. Iskar gefe ce take tunkuɗa su kamar mai korar akuya daga rumfar kasuwa. Ta karkata sitiyari, fiffiken hagu ya yi ƙasa, sai hancin jirgin ya bi shi ya kauce wa titin gaba ɗaya.

Ƙasa kuma tana ta tasowa.

Ta saci kallon kujerar dama. Babbar Malama, shugabar masu koyarwa a makarantar tuƙin jirgin, tana zaune ta harɗe hannuwa a ƙirji, ƙafafunta a ajiye nesa da feda, kamar wadda ta zo kallon talabijin.

"Malama..."

"Ina jin ki."

"Yana zamewa."

"Na gani. Ai ni ma ina ciki."

Fitilun bakin titi suka taso har Auta tana hango tsatsar da ke gindinsu. Sai a lokacin Malama ta warware hannu.

"Jirgi a hannuna."

Ta tura totur har ƙarshe, injin ya yi ruri, suka koma sama. Auta ta saki sitiyarin. Suka zagayo, ta sake gwadawa, abin ya maimaita kansa. Suka sake zagayowa, aka sake yi. A ƙarshe Malama ce ta sauke su, sumul, taya ɗaya ta fara taɓa ƙasa sannan 'yar uwarta, kamar ba iskar da ake yi.

Auta ba ta saba da kunya irin wannan ba. Ita ce fa wadda ake nunawa da baki a makarantar, ta riga kowa a ajinsu tashi ita kaɗai, ta ci jarrabawar rubutu kamar shan ruwa. Abin da ya rage mata kawai jarrabawar sama, ranar da mai jarrabawa zai zauna a gefenta ya ga ko ta cancanci lasisi. An sa ta a ƙarshen mako, kuma ba mai shiga sai Babbar Malama ta yarda.

Da farfela ta tsaya, Malama ta cire na'urar magana da ke kunnenta ta rataye, ta juyo ta ƙare mata kallo.

"Hannunki yana da kyau, idonki yana da kyau, kanki na ja. Amma 'yata, ƙafar wa take saukar miki da jirgi duk watannin nan?"

Auta ta ce ba ta gane ba.

Malama ta nuna mata fedojin nan biyu da ke ƙasan kowace kujera, waɗanda ake takawa a juya wutsiyar jirgi. Ta tuna mata cewa na ɗalibi da na malami a haɗe suke, in an taka na can na nan ma sai ya motsa. Ta ce ɗalibin da ya ɗora ƙafa ya ji feda tana tafiya a daidai lokacin da ya kamata, zai iya rantsuwa da Allah shi ne ya taka. Ta tambaye ta da wane lokaci take tashi ita kaɗai. Auta ta ce da safe. Kullum da safe? Kullum. Wa yake tsara mata lokacin?

Auta ta sauke ido, don malaminta na da ne yake tsarawa.

"To," in ji Malama. "Da safe iska barci take yi. Ban hana ki jarrabawa ba, amma ba zan tura ki ba sai na ga kin sauka cikin iskar gefe da ƙafarki. Taki, wadda aka haife ki da ita."

*

A rumfar jirage ta sami malamin nata, yana tsaye a kan ɗan tsani yana leƙa tankin mai. Kyaftin suke ce masa duk da ƙananan jirage yake koyarwa, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Shi ya koya mata komai tun ranar da ta fara, kuma a cikin wannan koyarwar ne abin da ba ya cikin darasi ya shiga tsakaninsu. Ba su taɓa wuce iyaka ba. Sun yi alkawari sai ta karɓi lasisi zai je gidansu. Amma so ba ya ɓoyuwa a makarantar da kowa ke shan shayi a teburi ɗaya, kuma 'Yar Gayu, abokiyar karatunta da ta daɗe tana yi wa Kyaftin fari da ido yana kallon agogon mai, ta kai maganar ofis. Dalilin da ya sa aka raba su ke nan, aka miƙa Auta hannun Babbar Malama.

Ya sauko da murmushi. "Tsuntsuwata, ya iska?"

"Ajiye tsuntsuwar nan. Tambaya zan yi maka, kuma in ka yi min ƙarya zan gane."

Murmushin ya tafi.

"In muna sauka da iskar gefe, ina kake ajiye ƙafarka?"

Ya buɗe baki da sauri zai ce a ƙasa, ta ga kalmar ta zo masa har leɓe. Sai ya tsaya. Ya sunkuya ya kalli takalmansa kamar yau ya fara ganin su. 

"Ina bin ki ne kawai," ya ce a hankali. "Malami yana bin ɗalibi a feda, don ko da..."

"Bi, ko takawa?"

"Da farko bi ne."

"Daga baya fa?"

Ya shafa ƙeya. Ya ce wallahi bai taɓa zama ya shirya hakan ba. Ya ce da kowane ɗalibi yana iya naɗe hannu ya bar shi ya daki ƙasa har haƙora su haɗu, don haka ake koyo. Amma in ita ce, da zarar ya ga fiffike ya karkata sai ƙirjinsa ya riga kansa aiki. Ya ce lokutan safe kuma yana sane ya ba ta, don ba ya iya tsayawa a ƙasa yana kallon iska tana wasa da ita a sama.

"Tsoro ne, Auta. Son ki nake yi."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ka san abin da 'Yar Gayu take faɗa? Wai ba ni nake tuƙi ba, saurayina ne. Na yi ta yi mata kallon mahassadiya. Ashe ita ce mai gaskiya, ni ce sakarai mai yawo da kafaɗa."

"Kin iya jirgi. Na rantse kin fi..."

"Ka yi min sata, Malam. Ka sace min faɗuwar da ya kamata in yi tun da wuri, ka ajiye min ita sai ranar da ba ka cikin jirgin. Da fasinja na ɗauko fa? Da Ummana ce a baya?"

Ya mayar da ido kan takalmansa. Ta fi son ya yi musu, da ta samu abin faɗa.

"Maganar zuwa gidanmu ka bar ta," ta ce. "Ban san ko nawa ne a cikin rayuwata za ka riƙa takawa ta ƙasa ina tafa wa kaina ba."

Ta juya ta fita da kanta a sama. Sai da ta shiga mota ta rufe ƙofa sannan ta kifa goshi a kan sitiyari ta yi kukan da ta riƙe tun daga sama. Ba ta daɗe ba. Ta share ido, ta gyara mayafi, ta tayar da mota.

*

A gida ma labari ya riga ta isa. 'Yar Gayu ba ta yin aiki rabi, ta samo lambar Baba ta kira shi ta tsegunta masa soyayyar Auta da Kyaftin da muryar mai neman lada.

Baba ya yi shekaru yana koyar da tuƙin mota kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma har yanzu in yana magana hannunsa na dama yana neman giya. Yana zaune a falo da rediyo a cinya, a kashe. Wannan kaɗai ya ishe ta sanin akwai magana.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yarda ta bar aikin ofis ta koma tuƙin jirgi duk da 'yan uwa sun ce ya sangarta autarsa, amma bai tura ta neman miji ba. Ya ce a sana'arsa malamin da ya fara kallon ɗaliba ya daina kallon hanya, kuma da a ƙarƙashinsa yaron nan yake aiki da tuni ya karɓe makullin. Kada ya sake jin sunansa a gidan nan.

"Ba za ka sake ji ba, Baba. Na riga na sallame shi."

Baba ya yi turus. Ya shirya wa gardama, sai ya tarar da ƙofa a buɗe. Umma, da ke gefe tana ninke kayan wanki, ita ta tambayi dalili. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ta kwashe komai ta faɗa, feda, iskar gefe, lokutan safe.

"Ka ji ko," in ji Baba. "Ha'inci ne. Malamin ƙwarai ba ya..."

Sai Umma ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har ta ajiye rigar da ke hannunta ta dafe ciki.

"Auta, tambayi babanki me ya sa har yau ban iya tuƙi ba."

"Ke, wannan daban," Baba ya ce da sauri.

"Daban ina? Mutumin nan ya koya wa rabin unguwa mota. Ya koya wa mai gyaran takalmi, ya koya wa tsohuwar da ba ta gani sosai. Ni matarsa, a motar nan tasa mai birki biyu, ko inuwar kaza na gani kafin in ɗaga ƙafa mota ta tsaya cak. Na ɗauka ni ce gwana. Ranar da na ɗauki motar ƙanena ni kaɗai, katangar maƙwabta ce ta koya min inda birki yake."

"Katangar dama ta tsufa."

"Ta tsufa, shi ya sa ka sake gina musu ita."

Baba ya kunna rediyonsa ya ƙara murya. Umma ta sunkuyo ta dafa kan Auta, dariyar ta ragu a fuskarta. Ta ce mata ba wai tana wanke yaron ba ne, ya yi laifi, kuma ita shaida ce irin wannan son yana gurgunta mutum. Ita ta haƙura ta zauna a kujerar fasinja har ta tsufa a kai.

"Ke kada ki haƙura," ta ce. "Je ki koyi abinki. Sannan ki duba ko shi zai iya koyon nasa."

*

Washegari Auta ta je ofishin Babbar Malama ta ce a ba ta la'asar, kowace la'asar, lokacin da jakar iskar nan mai launin lemo da ke rataye a bakin titi take miƙewa sambal. Malama ta ɗaga gira ta ce jiragen la'asar duk an riga an raba. Kafin azahar aka ce jirgi ya samu, wani malami ya matsar da ɗalibansa. Auta ba ta tambayi wane ne ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun ba ta kashi. Malama ba ta da tausayi ko na sisin kwabo. Takan cire takalmi ta naɗe ƙafa a kan kujera don Auta ta gani da idonta babu mai ceto, sannan ta yi ta maimaita abu ɗaya: fiffike ya rusuna wa iska, ƙafa ta riƙe hanci a kan layi. Hannu da ƙafa saɓani suke yi, in wannan ya yi hagu wancan ya yi dama, kamar surukai a gida ɗaya. Auta ta daki titi har jirgi ya yi tsalle. Ta sauka a karkace tayoyi suka yi kuka. Akwai saukar da Malama ta ce da ƙwai suka ɗauko da yanzu sai dai a nemo burodi.

A gida kuma takan zauna a kujerar cin abinci da murfin tukunya a hannu, ta jera soson wanki biyu a ƙasa tana takawa. Baba ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo, daga ƙarshe ya kasa daurewa ya ce ta daina taka abu kamar mai kashe kunama, da tafin ƙafa ake lallaɓawa, diddige a ƙasa. Ya faɗa ya wuce kamar ba shi ba.

Kyaftin bai kira ba. Bai aiko kowa ba. Amma duk la'asar in ta juyo za ta sauka, tana hango wani dogo a can bakin shinge, hannuwansa biyu cushe a aljihu.

Sai ga wata sauka da ta zo daban. Iska ta bugo daga hagu, hannunta ya karkata, ƙafarta ta dama ta nutse da kanta ba tare da ta aike ta ba, layin nan ya tsaya cak a tsakiyar gilashi. Tayar hagu ta sumbaci ƙasa, ta dama ta biyo. Cinyarta tana rawa, amma rawar tata ce.

Malama ta ce, "Sake."

Ta sake. Ta kuma sakewa.

"To," in ji Malama tana neman takalminta a ƙarƙashin kujera. "Yanzu na san mai jirgin."

Ana gobe jarrabawa 'Yar Gayu ta yi wasanta na ƙarshe. Su biyu za a gwada rana ɗaya, Auta da safe, ita da la'asar. Ta shiga ofis da ido jawur ta ce kakarta ba lafiya, dole ta kai ta asibiti da yamma, a taimaka a musanya. Kowa ya ga hasashen yanayi, kowa ya san gobe da la'asar iska za ta tashi. A ɗakin shayi ta tari Auta da murmushi har kunne.

"Ƙawata, kin yafe min ko? Ai ke gwana ce. Ko da yake na ji an ce mai jarrabawa ba ya ba da aron ƙafa."

"Allah ya ba Kaka lafiya," in ji Auta tana juya cokali. "Wace daga ciki? Ta bara da muka yi miki ta'aziyya, ko wata kika samo?"

'Yan ɗakin suka ƙware da shayi.

Tana fita ta ga Kyaftin a bakin ƙofa. Ya rame. Tsara lokutan tashi har yanzu aikinsa ne, kuma ta san kalma ɗaya zai faɗa a mayar da ita safe.

"Ɗaliba," ya ce, bai yarda ya kira ta da wancan sunan ba. "Ina iya hana musanyar nan. Har na ɗauki waya zan kira ofis." Ya girgiza kai. "Sai na ga ba nawa ba ne. Jarrabawarki ce. Me kike so a yi?"

Ta dube shi sosai. Ta san abin da tambayar nan ta ci masa.

"Iskar za ta kai yaya?"

Ya faɗa mata gaskiya, bai rage ba. Iskar tana cikin abin da doka ta yarda, amma a bakin iyaka, kuma tana zuwa da fizga.

"A bar min la'asar."

Ya rufe ido, ya buɗe.

"An bar miki."

Ya matsa gefe ya ba ta hanya. Ta wuce, zuciyarta tana wani irin tsalle da ba ta ba ta izini ba.

*

Ranar jarrabawa gari ya waye da gajimare ya sauko har kan rufin rumfar jirage, ko hasumiyar masu ba jirage izinin tashi da sauka ba a gani. Ba jirgin da ya tashi da safe. Aka ɗage jarrabawar 'Yar Gayu sai wani watan, ta zauna a ɗakin shayi da kwalliyarta tana cizon yatsa, ta ma manta da asibiti. Da rana ta take sai iska ta zo ta share sama tas, ta kuma ƙi tafiya.

Mai jarrabawa dattijo ne gajere mai furfura a gira, wanda aka ce bai taɓa yi wa ɗalibi murmushi ba. Ya bi ta tana zagaya jirgi tana duba mai, tayoyi da fukafukai, yana jefa mata tambayoyi kamar mai jifan mangwaro. Ta amsa wanda ta sani, wanda ba ta tabbata ba ta ce za ta duba littafin jirgin, ta duba a gabansa.

Suka tashi. Ya sa ta bi taswira zuwa wani gari, a tsakiyar hanya ya ce ya fasa, ta kai shi wani. Ya sa ta juya a karkace har ƙasa ta tsaya a tagar gefe. Ya sa ta rage gudu har jirgin ya fara rawar sanyi ya saki hanci, ta tayar da shi. Can ba zato ya miƙa hannu ya janye totur.

"Injinki ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa," ta ce a ranta, ta zaɓi wata doguwar gona da aka girbe, ta jera jirgin a kanta tana faɗin abin da take yi ɗaya bayan ɗaya. Sai da suka kusa ganin kunyoyin gonar ya ce ta mayar da wuta.

Saura sauka.

Daga nesa ta hango jakar iskar a miƙe, bakinta na kaɗawa. Ta jera jirgi, fiffike ya rusuna, ƙafa ta riƙe hanci. Layi ya tsaya. Ƙasa ta taso a hankali, komai daidai... sai wata fizga ta zo daga inda ba a zata ba, ta ɗaga su sama ta yar gefe. Layin ya tsere hagu.

Tana iya tilasta shi. Akwai sauran titi, kuma wani abu a ƙirjinta yana ce mata gwanaye ba sa fasa sauka a gaban mai jarrabawa. Dattijon bai motsa ba, ko numfashinsa ba ta ji.

Ta tura totur har ƙarshe.

"Na fasa wannan. Zan zagayo."

Ta gaya wa hasumiya, muryarta ko rawa ba ta yi. Suka hau, suka zagayo. Wannan karon ta bar wa jirgin ɗan ƙarin gudu saboda fizgar, ta jira ta, da ta zo ta tarar da ita a shirye. Hannu hagu, ƙafa dama, diddige a ƙasa. Tayar hagu ta taɓa. Ta dama ta biyo. Ta gaba ta sauka a kan farin layin kamar da ma can aka zana shi dominta.

Da ta kashe inji dattijon ya daɗe yana rubutu. Sannan ya ce saukar ta biyu ta yi kyau, amma ba ita ta ba ta lasisi ba.

"Ta farkon ce. Da kin matsa sai kin sauka, da yanzu ina yi miki fatan alheri a karo na gaba." Ya miƙo mata takardar. "Barka, matuƙiya."

Bai yi murmushi ba. Ita ta yi na mutum biyu.

A bakin shinge ta tarar da abin da ba ta zata ba. Umma ce, da Baba da sandarsa, wanda ya rantse da safe cewa gwiwa ba za ta bar shi fita ba. Kusa da shi kuma Kyaftin, fuskarsa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Umma ta rungume ta tana hawaye tana dariya, ta ce yau ta ga abin da ba za ta manta ba. Mutanen nan biyu ba wanda ya gaisa da wani, kowa ya ɗaure fuska. Amma da iska ta ɗauke jirgin, sai ga su su biyun suna taka ƙasa da ƙafar dama, tare, kamar masu rawa, har Baba ya yar da sanda ya cafke hannun yaron bai sani ba.

"Dubi ramin da suka haƙa," ta ce tana nuna ƙasa.

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi Kyaftin sama da ƙasa, ya tambaye shi ko gaskiya ne yana da ikon mayar da ita safe ya ƙi. Kyaftin ya rusuna ya ce ba ƙi ya yi ba, tambayarta ya yi.

Baba ya saci kallon Umma, ya kawar da kai.

"Ni ban taɓa tambaya ba," ya ce ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗaga murya. "In ita ta yarda, ka turo manyanka. In ba ta yarda ba kuma kada in ga ƙeyarka."

Suka ja gefe, Umma tana jan hannun rigarsa. Aka bar su su biyu, iska tana kaɗa mayafinta.

"Na kusa mutuwa a nan," in ji Kyaftin.

"Na ga alama."

"Ba zan yi miki alkawarin daina tsoro ba, Tsuntsuwata. Ba zan iya ba."

"Ban ce ka daina ba. Ka ji tsoronka da baki, ka faɗa min ina ji. Abin da ban yarda ba shi ne ta ƙasa."

"Na ji."

"Kuma fasinjana na farko kai ne. A kujerar baya."

Ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ranar rumfar jirage. "Ko a wurin kaya ne, ranki ya daɗe."

Ta sunkuyar da kai, kunyar da ba ta ji a gaban mai jarrabawa ba ta sauko mata yanzu. "To... ka turo su."

Bai samu ya amsa ba. Wata tasi ta tsaya a bakin ƙofar makarantar, direba ya fito yana fama da akwati biyu manya. Daga baya wata dattijuwa ta sauko, doguwa, da tabarau a karan hanci da jaka a maƙale a hammata. Ta biya direba ba ta dube shi ba, ta nufo su kai tsaye, tafiyar wadda ba a taɓa ce mata jira ba.

Auta ta ji Kyaftin ya ja numfashi.

"Mama..."

Dattijuwar ko kallonsa ba ta yi ba. A gaban Auta ta tsaya, ta sauke tabarau, ta dube ta tun daga takalmi har goshi.

"Babban kamfani ya kira ɗana ya tuƙa babban jirgi, ya ce musu yana da ɗalibar da bai gama da ita ba. Sai a bakin mutane na ji. Shi ne na ce bari in zo in ga ɗalibar da idona." Ta gyara riƙon jakarta. "Ke ce?"

Auta ta juya ta dubi Kyaftin. Wannan labarin ba ta taɓa jin sa ba, kuma daga yadda ya sunkuyar da kai ta san gaskiya ne. Ya yunƙura zai shiga tsakaninsu, ta ɗaga masa yatsa ɗaya. Ya tsaya inda yake.

Ta ninke takardarta ta sa a aljihu, ta rusuna har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ni ce. Kawo jakar in riƙe miki, da alama maganar tamu mai tsawo ce."